Jar Jaket a Yamma da Titin Central

Renita Broussard tana cikin ninke zannuwan gado a ɗakin wanki na asibiti wayarta ta yi ƙara. Malamar ajin ɗanta ce ta turo wa iyaye hoto. Yara ne sun jeru a gaban allo suna dariya, rabi cikin baƙaƙen riguna, rabi cikin jajaye. A tsakiyarsu ga Tremaine, ya turo ƙirji, sanye da jaket ja zur.

Ta saki zanin da take ninkewa.

A ƙasan hoton malamar ta rubuta cewa sun gama kallon fim ɗin ƙungiyoyin samari biyu masu gaba da juna, yau sun gwada kwaikwayonsa. Kowa zai tafi da rigarsa gida a wanke, Litinin kuma a kawo rubutu shafi guda a kan ma'anar fim ɗin.

Shekara goma sha biyar Renita tana saya wa yaron nan kaya, fari, toka-toka, baƙi, ko safa ba ta yarda da mai ɗigon ja ba. A Los Angeles, yamma da titin Central inda gidansu da makarantar suke, 'yan daba masu sa shuɗi ke mulki, ja kuwa launin abokan gabarsu na gabas ne. Yayanta Curtis bai taɓa shiga ƙungiya ba. Jar igiyar takalmi kawai ya ɗaura wata Asabar, yana ɗan shekara sha bakwai, aka harbe shi a bakin shagon aski. Malama Hollis ba ta san wannan ba, watanta biyu da zuwa daga can jihar Iowa, kuma baƙo ko da idonsa makaho ne. Tremaine ya sani sarai. Amma yaro ne, an ba shi matsayin jarumin fim, 'yan mata suna kallo.

Ta kira shi, wayar a kashe. Dokar makarantar ce a kulle wayoyin yara sai an tashi. Ta kira ofis, na'ura ta ce ta bar saƙo. Agogon bango ya nuna uku saura ashirin da biyar, su kuma uku da minti goma ake tashinsu.

"Ke, lafiya? Kamar kin ga fatalwa," in ji Yolanda, abokiyar aikinta.

Renita ta miƙa mata wayar. Yolanda ta duba, ta ajiye zanin da ke hannunta.

"Tafi. In shugaba ya tambaya, zawo kike yi, kuma ba zai so ƙarin bayani ba."

Bas ɗin kamar da gangan yake yi. A kowace tasha sai ya tsaya, a wata har aka sauke matakala aka shigo da tsoho a keken guragu, direba ya taso ya ɗaure ƙafafun keken a tsanake. Renita tana tsaye a bakin ƙofa, riƙe da ƙarfe. Tsoro take ji, irin wanda ya zauna mata a ciki tun ranar Curtis. Duk jiniyar da ta ji daga nesa sai ta juya ta ga ina ta nufa. Addu'a ma ta ƙi haɗuwa, sunan yaron kawai take maimaitawa.

Uku da minti ashirin ta sauka. Yara sun cika bakin titi, kowa da jakarsa ta leda mai nuna abin da ke ciki, don makarantar ba ta yarda da jakar da za a ɓoye makami ba. Ta ratsa su tana dube-dube har ta hango Tremaine a tashar bas, cikin farar rigarsa ta safe. Ta nufe shi da sauri.

"Mama? Me kike yi a nan?"

"Ina jaket ɗin?"

Ya nuna da haɓa. A gefensa wani siririn yaro ne ya dunƙule ta a hammata, hannun rigar yana leƙowa. Marquis ne, ɗan ajinsu, ɗan gabas, wanda ta sha hana Tremaine tafiya da shi.

"Ni na ƙwace, Anti," in ji Marquis. "Wannan sakaran har ya fito ƙofa da ita yana taƙama. A wajenmu ba komai ba ce, bas ɗina kawai nake jira. Na juya ta, ashe cikin ma ja ne. Jaka kuma ga ta kamar taga."

Yana murmushi, amma idonsa na kan titi.

Renita ta kama hannun ɗanta ta ja. Nata ya tsira, ai shi ta zo nema. Taku uku suka yi ta ga wata farar mota mai baƙin gilashi ta shawo kwana a hankali. Ta wuce tashar, ta je ƙarshen layi, ta juyo. Yaran da ke kusa da Marquis suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Nan da nan ya rage shi kaɗai a jikin sandar tasha.

"Mama," in ji Tremaine can ƙasa-ƙasa.

Ba ta san lokacin da ta saki hannunsa ba. Ta koma, ta zare jaket ɗin daga hammatar Marquis, ta zura a kan rigar aikinta. Hannayen sun yi mata tsawo. Ta tsaya a gaban yaron.

Motar ta tsaya daidai ƙafarta. Gilashi ya sauka rabi. Mai tuƙin Dontae ne, ɗan maƙwabciyarta, wanda ta yi rainonsa lokacin da uwarsa take aikin kwana. Na gefensa ba ta san shi ba, hannunsa ɗaya yana ƙarƙashin riga.

"Anti Renita. Wannan kalar fa?"

"Sanyi nake ji."

Rana ce ƙwal, har kwalta tana ƙyalli. Dontae ya kalli sama, ya kalle ta.

"Wancan na bayanki ɗan ina ne?"

"Ɗana ne yau. Ka gaishe da uwarka, ka ce ina nan zuwa karɓar tukunyata."

Na gefen ya yi wata magana da ba ta ji ba. Dontae ya shiga buga sitiyari da yatsa. Renita tana jin numfashin Marquis a ƙeyarta.

"Ba ta yi miki kyau ba, Anti," in ji Dontae. "Kada ki sake sawa."

Gilashi ya hau, motar ta ja.

Ba ta cire ba sai da bas ɗin gabas ya zo, ta ga Marquis ya shiga ya zauna nesa da taga. Sannan ta tuɓe, ta cusa jaket ɗin can ƙasan kwandon shara. Malama Hollis za ta ji bayani ranar Litinin, daga bakin Renita.

Suka kama hanyar gida a ƙafa. Da suka yi nisa Tremaine ya juyo ya dube ta.

"Rubutun nan, Mama. Malama ta ce ma'anar fim ɗin ita ce duk yara ɗaya ne, riga ce ta raba su. Shi zan rubuta?"

"Mai jar rigar, yaya ya ƙare?"

"Kashe shi aka yi. A bakin titi."

"Uwarsa tana ina lokacin?"

Tremaine ya yi tunani.

"Ba a nuna ta ba. Ko sau ɗaya."

Renita ta duba hannayenta. Ta tura su cikin aljihu.

"To fara da wannan," ta ce.