Baho Mai Ƙafar Zaki

Sista ta tsaya a tsakiyar shagon, ta riƙe jakarta a gaba da hannu biyu, tana bin bahunan da kallo ɗaya bayan ɗaya kamar yadda take bin gadajen marasa lafiya da ido a zamanin da take aiki. Ga su nan jere, farare tas, wasu manne da bango, wasu zaune a ƙasa ba wuya ba ƙafa. Ba ta ko rage tafiya a gabansu ba. Can ƙurya ta nufa, inda wani ƙaton baho yake tsaye shi kaɗai a kan ƙafafu huɗu na ƙarfe, kowace ƙafa da faratanta, ta damƙe wata 'yar ƙwallo kamar ta rantse ba za ta saki ba.

"Wannan," in ji ta.

Auta, 'yarta ta ƙarshe, ta iso da makullin mota a hannu tana haki. "Mama, ko gaisawa da mai shagon ba mu yi ba."

"Zai gaisu. Wannan nake so."

Sunan Sista ya bi ta ne daga asibiti, inda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana jinya. Ta yi ritaya tuntuni, amma sunan bai yi ba, haka ma muryar. Har yau idan ta ce a zauna, maƙwabta ma sai sun nemi kujera. Ita kaɗai take zaune a gidanta tun rasuwar maigidan, da makullinta a bakin zane, tana buɗe ƙofarta lokacin da ta so, tana rufewa lokacin da ta ga dama. Ba ta taɓa jin wannan zama ya yi mata yawa ba.

Watan da ya wuce ne santsi ya kwashe ta a banɗaki. Ba ta karye ba, gwiwar hagu ce kawai ta kumbura, amma kafin kumburin ya saɓe 'ya'yanta sun yi taro a waya sun yanke hukunci. Babban Yaya, ɗanta na fari, wanda ke nesa kuma ya fi kowa yawan umarni, ya ce a fasa banɗakin a sa shawa da kujerar roba da ƙarfen dafawa a bango, ko kuwa ta tattara ta koma gidan Auta, inda aka riga aka share mata ɗaki.

Ita kuwa ta ce banɗaki za a fasa, amma baho za a sa, mai ƙafar zaki. Kujerar roba da ƙarfen dafawa kuma a kai wa masu buƙata. Da gardama ta yi tsawo, ita da bakinta ta ɗaure kanta. Ta ce su je shagon da Auta, za ta shiga bahon ta fita da ƙafafunta a gaban kowa. In ta fita, a sa mata abinta, kada a sake yi mata maganar ƙaura. In ta kasa, ta miƙa makullin gidan. Baki shi ke yanka wuya, amma a ranar Sista ba ta ga wuƙar ba.

Mai shagon ya taso yana murza hannu, mutum ne mai tumbi da fara'ar ciniki.

"Ranki ya daɗe, kin san kaya. Wannan ƙarfe ne zalla, aka shafe shi da tangaran. In kika zuba ruwan zafi, sai kin gaji kin bar shi da ɗuminsa. Sai dai nauyi, maza huɗu ke ɗaga shi suna nishi."

"Ba ni zan ɗaga ba," in ji Sista. Ta sunkuya kaɗan ta leƙa ƙarƙashinsa. "Kin gani, Auta? Tsintsiya ta shiga ta fita. Waɗancan masu manne da bango, Allah kaɗai ya san abin da ke kwana a bayansu."

Ta ƙwanƙwasa gefensa da zobenta, ya amsa da murya mai kauri. Ta shafa bakinsa da tafin hannu tana neman tsaga, ba ta samu ba. Zuciyarta ta yi fari.

Irin wannan bahon ne a ɗakin jinya na farko da aka tura ta tana yarinya. A cikinsa ta wanke mutanen da ba za ta iya ƙirgawa ba, tsofaffi da masu karaya da waɗanda ciwo ya cinye. Ta ga yadda fuskar mutum take sakewa idan ruwan ɗumi ya kai masa kafaɗa, har wanda ya kwana yana zagin ma'aikata sai ya yi shiru ya lumshe ido. Ita ke tara ruwan, ita ke zubarwa, ita ke goge bahon har ya yi ƙyalli, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa shiga ba. Tun lokacin ta sa a ranta cewa wata rana ita ma za ta kwanta a irinsa, ba mai jiran ta a bakin ƙofa.

A wancan ɗakin ne kuma ta ƙirƙiri dabarar da ta yi suna da ita. Tsofaffi masu girman kai, waɗanda gara su kwana a ƙasa da a ce an ɗaga su, ba ta taɓa ce musu "kawo hannu in tashe ka" ba. Sai ta durƙusa a gabansu ta yi ɗan nishi, ta ce, "Wash, Baba, bayana ya riƙe. Taimake ni in miƙe." Su kama damtsenta, ta kama nasu, a miƙe tare, tsoho ya tafi yana faɗa wa 'yan ɗaki yadda ya ceci Sista. Ta sha ba 'ya'yanta wannan labari suna dariya.

"Mama," in ji Auta a hankali, "ki duba wancan na gefe. Shi ma ƙafar zaki ne, amma bai kai wannan zurfi ba."

Sista ta waiga ta yi wa ƙaramin kallo ɗaya. "Wannan ai na wankan jarirai ne."

Ta miƙa wa Auta jakarta, ta tuɓe takalmi ta jera su, ta tattare zanenta. Mai shagon ya buɗe baki zai yi magana, ta dube shi, ya rufe.

"Ba a sayen takalmi sai an gwada," in ji ta, "balle abin da mutum zai shiga gaba ɗayansa."

Shiga ba ta yi wuya ba. Ta ɗaga ƙafar dama, ta bi da ta hagu, ta dafa baki biyu ta zame a hankali har bayanta ya sami mazauni. Sanyin tangaran ya ratsa rigarta. Ta miƙe ƙafafu, ba su ma kai ƙarshe ba. Ta jingina kai, ta ga silin shagon da fankarsa tana juyawa, ta ji wani daɗi ya cika mata ƙirji. Ashe haka suke ji. Ashe wannan ne abin da take bai wa mutane shekara da shekaru.

"Yaya, ranki ya daɗe?" in ji mai shagon.

"Kamar don ni aka ƙera."

Auta ta ja shi gefe tana tambayarsa ko daɓen banɗaki zai ɗauki nauyin, da inda mai gyaran famfo zai fito da bututu. Sista ta ga sun ba ta baya, ta ce a ranta bari ta fito yanzu, su juyo su same ta tsaye tana gyara mayafi.

Ta dafa baki biyu ta yunƙura. Bakin bahon ya yi mata tsayi, hannayenta sun ɗaga har saman kafaɗa, ba inda ƙarfi zai fito. Ta janyo diddige don ta taka, diddigen ya sulale a kan tangaran ya koma inda ya fito. Ta sake, ya sake. Sai ta tuna abin da take koya wa marasa lafiya, a juya a kan gwiwa tukuna sannan a miƙe. Ta karkata, ta ɗora nauyi a gwiwar hagu, wani zafi ya harbe ta har cikin haƙori. Ta koma ta jingina da sauri.

Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da ta faɗi. Ta ji makullin gidanta yana tokarinta a ƙugu. Ta hango ɗakin da aka share mata, da labulensa sabo, da jikoki ana ce musu su yi shiru Kaka tana barci. Za a kula da ita, ta sani, har kulawar ta ishe ta.

"Mama, kin gama?" Auta ta juyo.

"Ina sauri ne? Ina sauraron bayana."

Ta lumshe ido kamar mai jin daɗi. Mai shagon ya yi dariya ya ce ai haka bahon yake, wanda ya shiga ba ya son fita. Auta ba ta yi dariya ba. Ta ga mayafin uwarta ya zame daga kafaɗa ba a gyara ba, ta ga gumi ya tsattsafo mata a karan hanci, a shagon da fanka ke kaɗawa. Ta daɗe tsaye tana juya makullin mota a yatsa. Sista tana jin idonta a kanta, tana jiran kalmar da za ta ƙare komai.

Sai ta ji ƙarar jaka an ajiye, da takalmi ana tuɓewa.

"Matsa ƙafarki, Mama. Ni ma ai zan riƙa wanka a ciki in na zo, ba za a saya ban gwada ba."

Kafin ta ce uffan, Auta ta haura ta zauna a ɗaya ƙarshen, suna fuskantar juna, tafin ƙafa a tafin ƙafa. Wasu mata biyu da suka shigo duba tayil na daɓe suka tsaya suna kallo. Mai shagon ya sosa ƙeya, ya ce tun da ya buɗe shago bai taɓa ganin irin wannan gwaji ba.

"Kai, da daɗi," in ji Auta. Ta jingina, sannan ta yunƙura, ta ɓata fuska, ta koma. "Wash! Mama, ƙafata ta riƙe, kamar ba tawa ba. Tuƙin nan ne. Taimake ni in miƙe."

Ta miƙo hannu biyu.

Sista ta dubi hannayen, ta dubi fuskar 'yarta. Yarinyar nan har ɗan nishin ba ta bari ba. Ta danne haushi da dariyar da suka zo mata tare. An ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama, ita kuwa ga ta a busasshen baho, kuma abin da aka miƙo mata nata ne, ita ta ƙera shi.

"Ke dai ba ki da ƙashin kirki," in ji ta. "Kama nan. A'a, sama da gwiwar hannu. Tokare ƙafata. Bismillah."

Suka damƙi damtsen juna, suka miƙe tare. Masu kallo ba za su iya cewa ga wadda ta ja ba. Sista kaɗai ta san inda ƙarfin ya fito, ta kuma ji yadda hannun bai sake ta ba sai da ƙafafunta biyu suka taka daɓen shagon.

"Ka shaida," in ji Auta ga mai shagon tana sa takalmi, "ta fita, har ni ta fitar."

"Na gani da idona. Ƙarfin mutanen dauri ba irin na yanzu ba ne. A ɗaure wannan ɗin ke nan?"

Auta ta ɗauko waya za ta kira Babban Yaya. Sista ta ɗora hannu a kan wayar.

"Dakata."

Ta tsaya tana kallon ƙaton bahon, da faratansa da ƙyallinsa. Ta shafa bakinsa sau ɗaya. Ta yi aiki da jikin mutane tsawon rai, ta san jiki ba ya karɓar cin hanci, kuma Auta ba za ta kasance a bakin ƙofa kullum ba. Ta juya, ba takalmi, ta nufi ƙaramin da ta kira na jarirai.

Ta shiga. Ƙafafunta suka tokari ƙarshensa daidai, bakinsa ya tsaya mata a ƙasan haƙarƙari. Ta zauna jim, ta dafa, ta taka, ta yunƙura. Gwiwar ta yi ƙara, Auta ta matso taku ɗaya ta tsaya ta harɗe hannayenta a baya. Sista ta miƙe. Ta fito da ƙafar dama, ta bi da ta hagu, ta gyara mayafinta.

"Yanzu kira shi," in ji ta.

Ta juya wurin mai shagon. "Wannan za ka kawo. Ƙafafun a bar su baƙaƙe yadda suke, kada a shafa musu ruwan zinariya, ba gidan biki ba ne. Ƙarfen nan na dafawa da ake kafawa a bango, kana da shi?"

"Akwai, ranki ya daɗe, dogo da gajere."

"Sa dogon." Ta zura ƙafa a takalminta ba tare da ta dubi kowa ba. "Saboda yarinyar nan. Ka ga yadda ƙafarta take riƙewa."

Auta ta juya baya da waya a kunne, kafaɗunta suna motsi. Sista ta karɓi jakarta, ta taɓa makullin da ke bakin zanenta, ta yi gaba zuwa mota.