Dokar Shanyar Shinkafa

Ana gama girbi magana ta karaɗe unguwa: wai magajin gari ya kafa doka, duk wanda ya shanya shinkafa a titi za a kwashe ta. Ikong, maƙwabcin Apong Saling, ya jibge buhunansa jiƙaƙƙu a ɗaki har suka fara ɗumi.

"Wa ya ga dokar?" in ji Apong Saling, tsohuwar da ta shekara talatin tana koyarwa a firamaren garin.

"Kowa ya ji, Apong," in ji Ikong.

"Ji na tambaye ka? Jibi war haka abincin agwagi za ka fitar daga ɗakin nan."

Ta ɗauki lemarta, ta hau babur mai ƙafa uku, sai sakatariya. Allon sanarwa ta fara dubawa: gasar ƙwallon kwando, rigakafin karnuka, babu zancen shinkafa. Ta faɗa ofishin Dencio, sakataren majalisar gari, tsohon ɗalibinta.

"Malama! Zauna, a kawo kofi."

"Kofi na gida. Lambar dokar nake so, da ranar da kansiloli suka kaɗa ƙuri'a, da inda kuka liƙa ta."

"Ai mai girma da kansa ya faɗa..."

"Bakinsa ne majalisa? Kansiloli ke yin doka, nasa sa hannu. A aji shida na koyar da wannan, kana baya kana cin ɗanyen mangwaro da gishiri. Buɗe littafin dokoki."

Dencio ya yi ta juya shafuka yana share gumi. Ba ta motsa ba sai da ya rubuta abin da ya gani da abin da ya sani, ya buga hatimi.

Tana sauka gida ta ja tabarma tsakiyar titin unguwa.

"Ikong, juye!"

Yana juye buhu na uku sai wani ɗan sintiri ya taho yana kaɗa sanda.

"Apong, kar ki ja mini. An hana."

"Ka iya karatu, ko kai ma kana baya ne?" Ta miƙa masa takardar. "Da ƙarfi, kowa ya ji."

Ya karanta. Majalisa ba ta taɓa zama kan batun ba, ba a kaɗa ƙuri'a ba, babu doka. Magajin gari ne ya faɗi maganar da baki a wurin cin abincin biki, ranar da motarsa ta zame a kan shanyar shinkafa.