Ranar da Wayar Lawan Ta Yi Shiru

A shekarar da aka fara ɗaukar ma'aikatan sabuwar jami'a, wayar tarho ɗaya ce a duk jerin shagunan da ke kallon Kara, kasuwar shanu ta Wudil, kuma a shagon Lawan take. Baƙa ce, mai nauyi. Ya sha zarya a ofishin wayar gwamnati kafin a ja masa igiyarta. Masu 'ya'ya a kudu sun san ƙa'ida: ran Juma'a in an sauko daga masallaci, a zo a zauna a benci, wanda aka kira Lawan ya miƙa masa.

Asabe ta Dagumawa ba ta fashi. Ɗanta Ja'afar yana bin motar shanu zuwa Legas. Ɗan fari ne, don haka ba ta kama sunansa, "wancan" take cewa. Ko ya kira, gaisuwa ce a tsaye, ta tambayi lafiyar abokan tafiyarsa, ta ajiye.

A makon nan rediyo ya ce an yi tashin hankali a inda suke sauke shanu, an ƙona motoci. Asabe ta iso tun kafin azahar. Ta ce wa Lawan daddawa ta kawo kasuwa, ta ga bari ta ɗan huta. Babu ƙwarya a kanta. Lawan ya gani, ya goge mata benci.

Ana saukowa daga masallaci sai ga Malam Zaharaddeen, ɗaya daga cikin sababbin ma'aikatan jami'ar, a kan babur, da kwamfuta 'yar ɗauka a jaka. Suka gaisa har gajiya da iyali. Sannan ya ce aron layi yake so. Kamfanonin waya da ke neman shigowa ƙasa sun buɗe shafi a intanet, in ji shi, suna kira ga jama'a su aika goyon baya, gwamnati ta sakar wa 'yan kasuwa harkar waya. In aka yi haka, har mai tallan goro sai ya riƙe tasa.

Auta dillalin shanu, da ke jiran kiran wani mahauci, ya yi dariya.

"Lawan, ashe kai ne ragon da ke ara wa mahauci wuƙa."

Lawan ya san gaskiya Auta ya faɗa. Ranar da kowa ya samu waya, benci ya tashi aiki. Amma baƙo ne, kuma malami, ya zo har shago ya yi sallama. Abu ɗaya ya tambaya: ko zai taɓa masu jiran kira? Zaharaddeen ya soka wata 'yar mahaɗa a bango, igiya ta rabu biyu, ya nuna masa da hannu.

"Ga wayarka nan a ajiye, Malam Lawan. Ni gefe zan bi."

Lawan ya duba. Kan wayar yana zaune a mazauninsa. Shi a saninsa, muddin ba a ɗaga kai ba, layi a buɗe yake. Hankalinsa ya kwanta.

Shafin ya riƙa sauka kaɗan-kaɗan, kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Aka fara ganin ɗankwali, can sai goshi, can sai wata mace tana murmushi da waya a kunne, bayanta gona. Mutane suka taru. Auta ya ce wannan hannun bai taɓa riƙe fartanya ba. Zaharaddeen yana fassara musu alkawuran kamfanonin, yana aika saƙon abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, in ya maƙale ya sake.

Asabe ba ta kalli allon ba. Wayar take kallo.

Aka yi la'asar. Masu jira suka fara zamewa, Auta ya tafi yana tsine wa mahautan Legas. Inuwa ta tsallaka titi. Asabe ta miƙe a hankali, ta gyara mayafi, ta ce motar garinsu za ta tashi.

"Iya, ki ɗan ƙara jira."

"Bai taɓa kai la'asar ba," in ji ta. "Allah ya sa mu cika da imani."

Ta tafi. Maganar ta zauna wa Lawan a ƙirji. Tunda ya ja layin nan, Juma'a ba ta taɓa wucewa wayar ba ta yi ƙara ba. Ko ɓarayin igiya ne suka sake yanka? Ya kai hannu ya ɗaga kan wayar don ya ji ko da rai. Wata ƙara ta soki kunnensa, kamar gyare ya faɗa injin niƙa.

Zaharaddeen ya ɗago ya ce ya katse masa saƙo.

Suka kalli juna. Nan Lawan ya gane kwamfutar ce ta riƙe layin tun ɗazu. Lawan ya sunkuya ya zare igiyar kwamfutar daga bango, ya mayar da kan wayar. Bai gama miƙewa ba ta ɗauki ƙara.

Ja'afar ne, muryarsa a dishe. Ya ce tun saukowa daga masallaci yake bugawa, duk bugu sai a ce ana magana, masu jira a bayansa har sun fara zaginsa. Motarsu ta ƙone, amma shi da direba sun tsira, suna fake a wani masallaci.

"Iya tana nan?"

Lawan ya kalli benci. Ya ce ta tafi, amma yanzu zai kai mata. Layin ya yanke.

Zaharaddeen ya rufe kwamfutarsa, ya ba da haƙuri da murya ƙasa-ƙasa. Ya ce abin da ake gudu ke nan, gari guda a kan igiya guda.

"Haka ne," in ji Lawan. "Amma yau igiya gudar ce da mu. Tada babur."

Sun shiga Dagumawa rana na shirin faɗuwa. A ƙofar gidan suka tarar da takalman mata sun fara taruwa. Lawan ya yi sallama a zaure, ya ce a kira masa Iya. Ta fito, ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta gaishe su ba.

"Ya kira, Iya. Da kunnena na ji shi. Lafiyarsa ƙalau. Ni ne na toshe layin ban sani ba."

Ta dafa bango.

"To," in ji ta. "Shanun mutane fa?"

Lawan ya ce bai tambaya ba. Ta gyaɗa kai, ta juya ciki ta ɗebo musu ruwa da kanta. Kafin kwanon ya iso hannun Lawan, rabin ruwan ya zube a ƙasa.