Kukan Motar Halliru

Mode maƙeri yana kwance rigingine a ƙarƙashin motar Halliru, yana fama da wani noti da tsatsa ta cinye. Ya buga masa masaba, ya ɗiga masa man gyaɗa, ya sake bugawa. Dukan ya wuce abin da noti yake bukata.

"Sannu dai, Mode! Kak ka kashe man ita," in ji Halliru, yana dariya. Yana zaune a kan buzun Mode, a inuwar zauren Mode, ya miƙe ƙafafu cikin takalman soja.

Motar 'yar kitika ce, irin mai buɗaɗɗen baya, tana ɗauko albasa daga Goronyo ta bi ta Wurno zuwa Sakkwato. Robobin da ke cikin idon sifirin ɗinta, wato ƙarafan da suke ɗauke da nauyinta, sun mutu, ƙarfe yana cin ƙarfe, saboda haka duk ramin da ta faɗa sai ta yi ƙara kamar an taka ɗan kwikwiyo. Sababbin robobi kuwa sai kantin Turawa a Kano. Da Baturen hanya ya tsare Halliru ya ce zai hana motar hawa titin En'e, sai kowa ya ce masa ya tafi wurin Mode, shi ne yake yanka su daga tsohuwar taya.

Abin da mutane suka manta, ko suka yi kamar sun manta, shi ne Halliru ya taɓa neman Kulu, matar Mode. Ana cikin maganar aka kwashe shi yaƙin Bama, labarinsa ya ɓace, Kulu ta auri Mode da yardarta. Sai ga mutum ya dawo da ransa, da tuƙi a hannu, da haƙorin azurfa a baki. Tun daga lokacin Mode bai huta ba. Kishi ne tsagwaronsa, ya kuma san kishi ne, sanin bai rage masa komai ba.

Gidansa a bakin hanya yake. Da zarar kukan motar ya taso daga gangaren gulbi, sai ya ajiye awartaki ya kasa kunne cikin gida. In Kulu tana daka, sai ya ji taɓarya ta tsaya. Gaskiya duk taɓaren unguwar tsayawa suke yi, don mota ba abin da ake gani kullum ba ce, amma Mode ta gidansa kaɗai yake ji. Nan da nan sai ya tuna yana son ruwan sha, ya shiga ya tsaya a tsakar gida har motar ta wuce.

Yau ga motar a ƙofarsa, ga mai ita a buzunsa.

Notin ya saki. Suka ɗaga bayan motar da jak, suka tokare ta da guntayen giginya. Mode ya zare dogon ƙarfen da ya ratsa idon sifirin, ya zaƙulo ragowar robar, ta fito a marmashe. Ya gwada faɗin ramin da kara, ya zauna ya yanka tsokar taya, ya feƙe ta, ya ƙona tsinken ƙarfe a wuta ya huda tsakiyarta. Hayaƙi mai wari ya cika zaure. Ya shafa mata sabulu, ya kafa ta a bakin ido, ya kora ta ciki da masaba a hankali. Ta zauna daram.

"Kai! Wallahi ko a Bama ban ga hannu irin wanga ba," in ji Halliru.

Yabon ya yi wa Mode daɗi, daɗin kuma ya ba shi haushi. Ya ci gaba da aiki. A ransa yana cewa, bari in rufe bakin 'yar banzar nan, in ga abin da za a tsaya saurare.

Dattawan unguwa sun taru a gindin bedi, wato dogon yaro, suna kallo, kowa yana ba da shawarar abin da bai taɓa yi ba. Rana ta take. Sai aka turo ƙwaryar fura ta ƙarƙashin labulen zaure, muryar Kulu ta biyo ta.

"Malam, ga hura ku jiƙa maƙoshi."

"Sannu da aiki, uwargida," in ji Halliru, ya gyara zama. "Mun cika maku ƙofa da wari."

"Ba komi. Allah dai shi sa a raba mu da kukan motar ga. Tun tana hayin gulbi nika jin ta."

Ta koma ciki. Halliru ya ɗaga ƙwarya yana sha, Mode ya tsaya da wuƙa a hannu. Hayin gulbi? Shi da yake zaune a bakin hanya, bai taɓa jin motar ba sai ta hawo gangare. Ashe tana rigansa ji. Wane irin kunne ne wannan, in ba kunnen mai jira ba? Ko kuwa dai ƙarar maƙera ce ta toshe nasa? Ya juya maganar gaba da baya, kowane gefe yana cizonsa.

Ya koma ƙarƙashin mota. Saura ido ɗaya, na bayan hagu, sabuwar robarsa tana hannunsa da ɗuminta. Nan wani tunani ya same shi. In ya sa wannan, motar za ta yi shiru. Za ta hawo gangare ba wanda ya ji, ta tsaya inda ta ga dama, ta wuce. Shi yana can yana dukan garma kamar wawa, bai san lokacin shiga shan ruwa ba. Kukan da ya tsana, shi ne mai gadinsa.

Amma ga dattawa a gindin bedi, kuma ba a taɓa maido masa aiki ba tun da ya gaji maƙerar ubansa.

Ya daɗe yana kallon idon. Sannan ya mayar da ƙarfen cikin matacciyar robar, ya ɗaure noti tam, ya cusa sabuwar a aljihu.

"An gama," ya ce.

Suka sauke motar. Halliru ya juya hannun tayarwa, ta kama, ya hau ya nufi gangare don gwaji. Ta bi hanya lafiya lau, dattawa suna ta "Madalla!" Sai ta faɗa ramin gaban masallaci, ta saki ƙara siririya, mai kaifi, wadda ta fi ta da shiga kunne don ita kaɗai ce.

A gindin bedi wani tsoho ya ce, "Ashe taya ba garma ba ta." Aka fashe da dariya. Mode ya sunkuyar da kai, kunya tana cin fuskarsa, amma can ƙasan ransa ya ji sanyi.

Halliru ya juyo da motar, ya leƙo ta taga. Babu ɓacin rai a fuskarsa ko kaɗan, abin da ya fi ƙona Mode ke nan.

"Kak ka damu, ɗan'uwa, ta ragu ƙwarai. Aikin ga ba mai iya shi sai kai. Duk ranar kasuwa in na komo sai in tsaya nan ƙofarka, mu wuni muna dubawa, har mu gano inda ciwon yake."

Ya ɗaga hannu ya tafi, motar tana kuka har gulbi.

Mode ya shiga zaure, ya zauna gaban wutar da ta fara mutuwa. Labule ya motsa, hannun Kulu ya ɗauke ƙwaryar.

"Malam, na ji mi yac ce. Ranar kasuwa in ƙara gero ke nan?"

Mode ya matse robar a cikin aljihunsa.

"Ƙara," ya ce.