Tabarmar Nabadon a Rana

Dahabo ta sake kama wuyan hannun mahaifinta tana auna bugun jini, shi kuwa ya sakar mata hannun kamar na aro, idonsa na kan layin jarkoki. Yau kwana biyar ke nan mahaifin nata, Nabadon Hirsi Gedi, dattijon da dangi suka ɗora wa sulhu da jagoranci, yake shimfiɗa tabarmarsa a tsakiyar rana, gaban rijiyar burtsatsen Elmarodi da ta mutu. Ga bishiyar da ake zaman shawara nan taku goma daga gare shi, inuwarta ta yi luf, ba kowa a ciki. Wa zai shiga inuwa Nabadon yana rana?

Ita nas ce, ta san abin da take ji a ƙarƙashin yatsunta. Mutum mai shekara saba'in da takwas, ga hawan jini, ga zafin rani, leɓɓansa duk sun tsage. Tun jiya likita ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa zuciyar tsohon ba za ta kai Juma'a a haka ba.

"Baba, don girman Allah ka matsa. Ko ƙafafunka kawai ka sa a inuwa."

"Su waɗancan ƙafafunsu a inuwa suke?" Ya nuna matan da ke layi da haɓarsa.

Maganar dai ta Guled Warfa ce. Shekara uku da suka wuce, da aka tashi fitar da ɗan majalisa, Nabadon ne ya tsaya kai da fata a kansa, ya ce yaro ne mai ilimi, ya zauna a Turai, cikinsa a ƙoshe yake, ba zai ci na marayu ba. Wakilai suka bi bakin dattijo. To, Guled bai ci na kowa ba kam, amma bai tsaya wa kowa ba. Wata bakwai da lalacewar injin rijiya, takardar gyara tana can Mogadishu tana jiran wanda zai bi ta ofis-ofis, shi kuwa yana Oslo can Turai wurin iyalinsa, waya ma sai ya ga dama. Mata sukan yi layi tun asuba har la'asar suna jiran tankar ruwa, wata rana ta zo, wata rana a tashi haka nan. Makon jiya wata mai ciki ta yanke jiki ta faɗi a layin, Dahabo ce ta karɓe ta a asibiti, cikin bai tsaya ba. Washegari Nabadon ya ɗauki tabarma. Bai zagi Guled ba, bai kai ƙara ba. Cewa ya yi shi ya zaɓo musu shi, don haka muddin mata na rana, shi ma ranar ce tasa, har sai Guled ya zo da ƙafarsa.

Hakimi ya zo ya roƙa, limami ya kawo aya, duk a banza. Roble mai shayi, wanda bakinsa ba ya mutuwa, ya ce wa Dahabo ta daina wahalar da kanta, an taɓa ganin an ja raƙumi ya tashi bai yi niyya ba? Ta harare shi, amma a ranta haushin Guled bai kai na mahaifinta ba. Ta ga wannan taurin kai ne kawai, mutum zai mayar da ita marainiya a kan wanda ko sallamarsa ba ya amsawa.

Ana gab da azahar wayarta ta yi ƙara. 'Yar ƙanin babanta ce daga Oslo, kiran bidiyo, tana haki, tururi na fita daga bakinta. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, ta juya wayar.

Da farko Dahabo fari kawai ta gani, ƙasa fari, rufin motoci fari. Sai ta ga tabarmi a kan ƙanƙara, a ƙofar gidan Guled mai hawa biyu, mutane kusan talatin zaune, 'yan garinsu ne duka: direbobin tasi, masu shara a asibiti, har da wani da aka ce ya zama lauya. Sun ga hoton Nabadon a rana, suka ce su ba su da rana, abin da suke da shi za su zauna a ciki. A gaban kowa wata 'yar tsohuwa ce a dunƙule cikin mayafi, ta ajiye rigar sanyinta a gefe, a ninke. Hajiya Ambaro ce, mahaifiyar Guled.

 Dahabo ta tsugunna ta kare hasken rana da gyalenta, ta nuna wa mahaifinta. Ya daɗe yana kallo. Bakinsa na motsi, yana kiran sunayen mutanen ɗaya bayan ɗaya har da na ubanninsu. Da ya kai kan tsohuwar, a karon farko cikin kwana biyar Dahabo ta ga tsoro a fuskarsa.

"Yaya Ambaro," ya ɗaga murya kamar Oslo bayan gari ce, "tashi ki shiga ɗaki. Wannan sanyin ba na tsofaffi ba ne."

"Ita ranar ta yara ce?"

"Laifina ne nake biya. Ni na zaɓe shi."

"Kai zaɓarsa ka yi, Hirsi, ni haihuwarsa na yi. Ka yi kwana biyar, ya isa. Shiga inuwa, na karɓe ka."

Matan layi sun matso, iska na kaɗa jarkokin da ba ruwa. Nabadon ya sunkuyar da kai. Mutumin da hakimi da limami da hawayen 'yarsa suka kasa motsawa ya dafa kafaɗar Dahabo ya miƙe, ya naɗe tabarmarsa da kansa, ya taka takun nan goma yana tangaɗi. Roble ya rugo da kofin nonon raƙumi. Dahabo ta riƙe wa tsohon kofin yana sha, kunya da girmamawa sun cika mata ciki, don sai yanzu ta gane abin da ta yi ta kira taurin kai.

Wayar tana nan a kunne a kan cinyarta. A cikin bidiyon ƙofar gidan ta buɗe, Guled ya fito da silifas, rungume da bargo, ya durƙusa a kan ƙanƙara gaban uwarsa yana ƙoƙarin lulluɓa mata. Tsohuwar ta ture bargon da bayan hannu, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ba bargo na ce ba," ta ce. "Ina jakar tafiyarka?"