Ƙwan da Aka Tarar a Kejin Wensley

An dakatar da Wensley Landveld daga alƙalancin gasar kukan tsuntsaye ranar Lahadi da safe, a filin ciyawar tsakiyar birnin Paramaribo, bayan an tarar da ƙwai a kejin tsuntsun da ya shekara yana kira zakaran gobe.

Shekara ashirin da biyu Wensley ya yi a gaban allo, yana ja wa kowane kuka layi da alli. Abin tinƙahonsa kuwa ido ne. Namijin pikolet, tsuntsun da ake gasar da shi, ba ya ɓuya idan ya girma: baƙi wuluk, ciki ja kamar tukunyar ƙasa, baki gajere mai kauri na fasa ƙwayar ciyawa. Amma kafin ya sake gashi ruwan ƙasa ne, ba shi da maraba da mace, macen kuwa ba ta rera komai. Masu hankali jira suke yi. Wensley ya ce shi baki kawai yake kallo ya gane.

Haka ya zaɓi wannan, ya raɗa masa suna Janar. Wata goma sha huɗu Janar bai rera ko sau ɗaya ba.

"Manya ba sa saurin magana," in ji Wensley.

Ranar Lahadin ya rataye kejin kusa da na masu gasa, wai Janar ya ɗauki darasi. Mazan tsuntsayen suka rikice, kowanne ya juyo wajensa yana karkaɗa fiffike. Paiman Kartosen, wanda Wensley ya taɓa soke wa kuka uku a wasan ƙarshe, ya leƙa.

"Kawu Wensley, barka da arziki. Janar ya sauka lafiya."

"Matsa daga nan, kai da bara ka fara riƙe keji."

"Ni dai na san namiji ba ya ƙwai. A miƙo alli mana, a ja masa layi ɗaya."

Wensley ya dubi ƙwan, ɗan mitsitsi mai ɗigo-ɗigo, ya ce Paiman ne ya jefa shi ciki. Ba wanda ya ga hakan, ba kuma wanda ya ga tsuntsun ya saka.

Kwamiti ya karɓe allin, ya kai kejin gidan sakatare. Idan baƙin gashi ya fito, Wensley zai koma gaban allo. Zuwa jiya Laraba, ko gashi ɗaya bai faɗo ba.