Dutsen Tokare Ƙofa

Abu ɗaya maigidan yake bin Inna, kuma ba kuɗi ba ne, alkawari ne. Ranar da ɓarin jikinsa ya shanye, kafin harshen ya ƙarasa ɗaukewa, ya riƙe mata hannu a gadon asibiti ya ce, "Duwatsuna, kar a zubar. Ki kai su inda aka san su." Ta ce to. Ita kuwa Inna in ta ce to, ta ci bashi ke nan.

Shi ya sa yau tun da safe take duƙe a bakin famfo, da baho da garin sabulu da soson ƙarfe, tana dirza. Baya ya ƙage, yatsu sun yi fari sun tattare.

Duwatsun nan fa rabin ɗaki ne. Duk shekarun da ya yi yana tuƙa katafila a ramin da kamfanin siminti ke fasa dutse, mazan mutane su dawo gida da ledar cefane, shi ya dawo da dutse a aljihu. Naɗaɗɗu kamar ƙahon rago, da layi-layi a jiki kamar haƙarƙari. Wani kamar maɓallin riga, wani ya kai murfin tukunya. Wai halittun ruwa ne masu ɓawo irin na katantanwa, suka mutu suka koma dutse. Wai nan duk a da teku ne.

"Teku?" Inna takan ce. "Mu da famfo ke kawo ruwa sai ya ga dama?"

Sai ya yi dariya ya ce ai shi kullum a ƙasan teku yake aiki, bai taɓa jiƙa wando ba.

Yanzu ɗansu na son ɗakin, matarsa ta yi nauyi, haihuwa yau ko gobe. Shi ya nemo wata malama ta gidan tarihi, wadda ta taɓa zuwa ramin ta san uban, ta ce yau za ta zo ta kwashe. Inna ta leƙa ɗakin ta ga ƙura, ta ga yanar gizo, ga kowane dutse da ɗigon fenti a gindi, wani ja, wani shuɗi, wani rawaya. Baƙuwa ta zo ta tarar da wannan ƙazanta, ta ce ba mace a gidan? Haba.

Maigidan na zaune a kujerarsa a bakin ƙofa. Tun da ta fara yake gurnani, yana buga hannunsa mai lafiya a kan kujera. Ta kai masa ruwa, ya kau da kai. Ta gyara masa matashi.

"Na sani, ɗokin baƙuwarka kake," ta ce. "Ka bar ni in gama, Malam, ƙuguna zai ɓalle."

Ta gama. Ta jera su a tabarma, manya a baya, ƙanana a gaba, suna ta ƙyalli.

Malamar ta iso da kwalaye a bayan mota. Ta durƙusa ta gaida maigidan, ta gaida Inna. Da ta ga tabarmar sai da ta dafe ƙirji don murna. Ta ɗauki ɗaya ta juya gindinsa. Ta ajiye, ta ɗauki wani. Ta ɗauki na uku.

"Mama, ina fentin?"

"Na wanke shi tas. Jan nan ma sai da na sa wuƙa."

Malamar ta zauna a ƙasa, a kan siminti, da kayanta masu kyau.

"Mama, kin ga yadda kike jera zannuwa a akwati, na ƙasa shi aka fara sawa? Haka ramin yake. Teku ya zo ya tafi, wani ya sake zuwa, kowanne ya bar nasa shimfiɗe. Baba in ya tsinci dutse sai ya ɗiga masa fenti. Ja na can ƙasa ne, shuɗi tsakiya, rawaya sama. Da hannunsa ya nuna mini."

"To ke da kika yi boko, ba ki gane su da ido?"

"Ina gane wane iri ne. Inda ya kwanta ne ban sani ba, shi muke nema kuma. Gefen ramin da ya tsince su an fasa shi tuni, ya zama siminti. Kamar jarirai ne a asibiti, Mama, a cire musu zaren suna na hannu duka."

Inna ba ta waiwaya wajen kujera ba. Gurnanin ya daina, ba ta ma san yaushe ba. Ashe ba ruwa yake nema ba.

Ɗan, da ke tsaye a gefe, ya sosa ƙeya. "To ai shi ke nan, sai a cike ramin bakin ƙofar gida da su, dama ruwa na kwanciya."

"Ka sake faɗa," in ji Inna, a hankali. Bai sake ba.

Malamar ta ce za ta iya ɗibar kaɗan, 'yan makaranta in sun zo su riƙa taɓawa. Inna ta girgiza kai. Ba haka aka yi da ita ba. Inda aka san su aka ce, ba inda za a yi wasa da su ba.

Ta miƙe da ƙyar, ta dafa bango, za ta kawo wa baƙuwa ruwa ko ba komai. A ƙofar kicin ƙafarta ta bugi dutsen da ke tokare da ƙofar. Shekara da shekaru yana nan. Ita ta ɗauko shi wata rana da rai a ɓace, ta ce ko ɗaya ne a cikinsu ya yi wa gidan aiki, maigidan ya yi dariya ya bar mata. Ya yi baƙi da hayaƙi da maiƙo, har ta manta daga cikinsu yake. Ta tura shi da ƙafa ya kifa. Ga ɗigon ja, kamar jiya aka sa.

"'Yata, zo ki ga wannan. Ban wanke shi ba, ki yi haƙuri da dauɗar."

Malamar ta karɓa da hannu biyu. "Mama, don Allah kar ki ƙara taɓa shi da ruwa." Ta naɗe shi a gyalenta, ta kai wa maigidan, ta buɗe a cinyarsa. Ta ce za a sa shi a gilashi, da sunansa a ƙasa, da inda ya tsince shi. Ya ɗora babban yatsa a kan jan, ya daɗe bai ɗauke ba.

Mota ta tafi da dutse ɗaya da kwalaye babu komai.

"Inna, ɗakin fa?" in ji ɗan.

"Ɗaki naku ne. Waɗannan ka kwashe ka kai nawa, ƙarƙashin gado da jikin bango."

"Ina za ki sa ƙafa?"

"Ƙafarka ce?"

Ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da maigidan. Ta goge masa gefen baki da bakin zaninta. Hannuwanta na ta zogi.

"Ɗaya na biya, Malam," ta ce. "Sauran ka ci gaba da bi na."

Bai yi gurnani ba, bai kuma kau da kai ba. Iska ta taso, ƙofar kicin ta yi ta bugawa. Ga duwatsu nan cike da tabarma a gabanta, ba wanda ta ɗauka ta tokare.